Maganin wanke kejin tsuntsaye: wane za ka saya, kuma yaya zai iso Maradi bai lalace ba?

Tun da sanyi ya fara shigowa waya ta ba ta huta ba, kowa tambaya guda, wane magani za a wanke keji da shi kuma ina ake samun shi. Ni dai mai kiwo ne, tantabaru gare ni da tsirya biyu da kanari a bayan gida nan unguwar Ali Ɗan Sofo, kuma na yi asara na koyi darasi, shi ya sa na ce bari in tara tambayoyin wuri guda in amsa, wanda ya ƙara kira na sai in ce mishi je ka karanta.

Tambaya: Malam, ni ina wanke keji da Omo kowane sati, mi ne ne kuma amfanin wani magani?

Amsa: Omo da sabulu aikin su cire dauɗa, kashin tsuntsu da maiƙo da ragowar gero da ya manne. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma aikin shi kashe abin da ido ba ya gani wanda ya rage bayan an wanke. Biyun tare suke tafiya, amma in aka ce dole in zaɓi guda wallahi wankin zan zaɓa, don magani komai tsadar shi in ka zuba shi bisa busasshen kashi, kashin ne zai shanye ƙarfin shi, ƙwayar cutar da ke ƙarƙashi ko gezau. Ka ɗauki kwanon ruwan tantabarunka yanzu ka sa yatsa ciki ka shafa gindin, in ka ji santsi kamar yauƙin kuɓewa to wannan santsin gidan ƙwayoyin cuta ne, kuma sai soso ko buroshi ke fidda shi. Cutar nan da ke fito ma tantabara da wani abu rawaya-rawaya cikin baki da maƙogwaro har ta kasa haɗiye hatsi, ta kwanon ruwa take yawan bi daga wannan zuwa wancan. Cutar Niyukasil mai murɗa wuya ita ma cikin kashi da majina take, kuma lokacin hunturu ne ta fi ɓarna a nan wajen mu, duk mai kaji ya san haka.

Abu guda da mutane ba su kula da shi: in ka wanke da Omo ka ɗauraye sosai kafin ka sa magani. Yawancin magungunan ga na ruwa suna da sinadarin da kumfar sabulu ke kashe mishi ƙarfi, sai ka ga mutum ya haɗa su cikin bokiti guda wai don aikin ya fi kyau, alhali ya zubar da kuɗɗin shi ne.

Tambaya: To wane iri ne ya kamata in nema?

Amsa: Waɗanda masu tsuntsaye ke ambato dai ba su da yawa. Akwai Virkon S, gari ne mai ruwan hoda, ana jiƙa giram 10 cikin litir guda na ruwa, yana zuwa cikin ƙananan leda na giram 50 da ke yin litir 5, akwai kuma na ƙwaya mai giram 5 da ake jefawa cikin rabin litir. Abin da nake so da shi, shi da kan shi yake faɗa maka in ya mutu: ruwan da ka haɗa yana yin kamar kwana 7, in ka ga launin hodar ya kwanta ya koma fari-fari to zubar, ya gama aiki. A zafin Maradi ma kada ka jira kwana 7 ɗin, ka dinga duba launin.

Akwai F10 SC na Afirka ta Kudu, shi ne masu aku da ƙananan tsuntsaye a ƙasashen waje suka fi yabo don ba shi da wari mai hawa kai kuma ba ya cin ƙarfe. Awon shi na yau da kullum mililita 2 cikin litir guda, in akwai ciwo a gidan sai a ninka ya koma mililita 4. Sai dai samun shi nan ba sauƙi, sai an aiko.

Sannan akwai na masu gonar kaji, irin su TH4+ na Faransa da Virocid na Beljiyam. Suna da ƙarfi ƙwarai amma suna ɗauke da gulutaraldehid, mai yaji a ido da hanci, an yi su ne don wanke ɗakin kaji bayan an kwashe kajin. Za ka iya amfani da su ga ɗakin tantabaru in ka fidda su duka, ka sa safar hannu, ka bi awon da ke jikin jarkar, ka ɗauraye, ka bar wurin ya bushe ya sha iska. Ga kejin kanari guda da ke rataye a falo kam ni ba zan kashe sauro da gatari ba.

Tambaya: Jabel fa? Ita ce ke gare mu a gida.

Amsa: Kada ka raina ta. Jabel tana kashe ƙwayoyin cuta da yawa, har waɗanda wasu magungunan masu tsada ke sha da kyar, kuma tana kowane shago. Ka duba jikin robar, in an rubuta 2,6% to awo guda na jabel cikin awo 15 na ruwa ya isa ga kwanoni da keji. In ƴar ledar nan ce mai kauri ta 9,6% mai mililita 250, ita sai ka fara cika ta da ruwa ta zama litir guda tukuna, sannan ka auna daga nan. Hypo da Jik da ke shigowa daga Najeriya duk dangi guda ne, ka dai karanta ƙarfin da aka rubuta.

Amma tana da sharuɗɗa. Ruwan sanyi ake haɗa ta da shi, ba na zafi ba. Haɗin na rana guda ne, gobe sai sabo. Ba a gauraya ta da komi, ko Omo ko maganin wanke masai ko ruwan tsami, don iskar da ke tashi tana iya kwantar da mutum balle tsuntsu. Tana sa wayar keji tsatsa in ba a ɗauraye ba. Kuma zafi da hasken rana suna cinye ta, robar da ta yi wata da watanni a bisa tebur bakin titi tana shan ranar Afrilu, sunan ta jabel amma rabin ta ruwa ne, ka saya inda kaya ke tafiya da sauri kuma a inuwa suke.

Tambaya: Kirezil da Dettol ba za su yi ba? Mahaifina da kirezil yake yayyafa ma garke.

Amsa: Allah ya ƙara ma Baba lafiya, garken shanu daban keji daban. Kirezil da Izal da Dettol dangin fenol ne, warin su kaɗai ya isa ya wahalar da ƙaramin tsuntsu, kuma in ya taka ya zo yana gyaran gashi da baki sai ya haɗiye. Numfashin tsuntsu ba irin namu ba ne, bayan huhu yana da jakunkunan iska har tara a cikin jiki, iska na ratsa shi ko'ina, shi ya sa abin da kai za ka ce ɗan wari ne shi yana iya kashe shi. Don haka ne ma da can masu haƙar kwal a Ingila suke shiga rami da kanari, in ya faɗi sun san iska ta ɓaci tun su ba su ji komi ba. Ga magen gida ma fenol guba ce. Ka bar kirezil ga masai da kwata.

Tambaya: Ina ake saye a nan Maradi, kuma yaya zan gane na kirki?

Amsa: Farmasin dabbobi, ko wurin masu saida kayan kaji da ƴan tsaki, su ne ke da shi don masu gonaki na saye kullum. In kana shakka ka biya ta ofishin kiwo ka tambayi ma'aikatan, su suka san abin da ke yawo a gari. Abin da nake dubawa kafin in fidda kuɗɗi: marfi da hatimin shi ba a taɓa ɓallewa ba, lambar rukunin da aka yi shi a ciki, ranar da zai ƙare aiki, da takardar awo a jiki wadda ake iya karantawa. In daga Najeriya ya fito in duba lambar NAFDAC, hukumar da ke kula da magunguna a can. In gari ne in girgiza ledar, in ya dunƙule kamar sukarin da ya sha damina to raɓa ta shige shi.

Abin da na hana kaina har abada shi ne sayen na tsiyaye. Wata shekara na je kasuwa wani ya tsiyayo mini wani ruwa shuɗi cikin robar ruwan sha, ya ce irin na gonar kaji ne, marfi guda a bokiti. Ba suna, ba awo, ba kwanan wata. Na kawo gida na aje gefen randa, Allah ya kiyaye uwargida ta gani kafin ƙaramin yaron mu ya kai hannu, ranar na sha faɗa kuma na cancanta. Banda haɗarin yara, ba ka san sau nawa aka tsarma shi da ruwa kafin ya iso hannunka ba. In jarkar litir 5 ta fi ƙarfin aljihunka ku haɗa kuɗɗi ku huɗu ko biyar ku saya a rufe, ku raba a gaban juna, kowa ya ɗauki hoton takardar jikin a waya ya kuma rubuta suna da awo ya manna a robar shi.

Tambaya: Ɗan'uwana yana Yamai, wani abokina kuma yana Kano. Wa zan sa ya aiko mini, kuma ta wace hanya?

Amsa: Nan ne zancen ya fi tsawo. Daga Yamai zuwa nan sama da kilomita 600 ne a kan babbar hanyar da ta bi ta Dosso da Dogonduci da Konni, motocin kamfani irin su Rimbo da STM suna ɗaukar saƙo kullum, a ba da da yamma ko da asuba ka karɓa a tashar su. Ba iyaka, ba duwan, kuɗɗin kuma ka tura ta Nita ko Amana cikin minti biyu. Kano da Katsina sun fi kusa kuma kayan kaji sun fi yawa can, amma akwai iyaka tsakanin Jibiya da Ɗan Isa, akwai canjin naira da sefa da ke motsi kullum, kuma duk mun ga abin da ya faru a 2023 da aka rufe iyaka, kaya suka maƙale watanni. Kwalba guda ko leda biyu na amfanin gida a hannun direban da ka sani ba wani abu ba ne, amma in kwali-kwali ne na saidawa to wannan kasuwanci ne, ka riƙe takardar saye, ka bi ta duwan ka biya abin da ya wajaba, kada ka sa bawan Allah direba cikin rigima a kan abin da bai san ko mi ne ne ba.

Ko daga ina ne, ɗaurin shi ne komi. Ni na taɓa sa a aiko mini litir guda na ruwa, wanda ya aiko ya jefa shi cikin leda baƙa kawai ya ba da, aka ɗora mishi buhu a ƙasan mota. Da na je karɓa ledar jiƙe take sharkaf, kusan rabi ya tsiyaye, kuma ya ɓata ma wata Hajiya kwalin kayan miya da ke gefe. Na ba da haƙuri na biya, Hajiya ta ce "ɗana ai ba laifinka ba ne", amma kunyar ta fi kuɗɗin ciwo. Tun daga ranar ga yadda nake faɗa ma mai aikowa: ya bar maganin cikin robar shi ta asali, ya ƙara ɗaure marfin ya naɗe shi da salatif, ya sa cikin leda mai kauri biyu ya ƙulle kowace daban, ya tsayar da shi cikin kwali ya cusa tsumma ko tsofaffin takardu ta kowane gefe har ya daina motsi, ya zana kibiya a jikin kwalin ya rubuta nan ne sama, kuma ya faɗa ma mai karɓar saƙo gaskiya cewa maganin wanki ne kada a haɗa shi da abinci. Kada a ɗaure shi saman mota yana shan rana tun daga Dosso. In akwai zaɓi tsakanin gari da ruwa, ni gari nake cewa a aiko, ba ya zuba, ba shi da nauyi, sai dai a kiyaye shi da jiƙa in damina ce.

Kuma ka je ka karɓa ranar da ya iso, ka buɗe nan gaban su.

Tambaya: Na gani a intanet ana saida F10 da arha a Turai. In saya a aiko ta jirgi?

Amsa: Kafin ka biya ka tambayi mai saidawa abu biyu, yana aikowa Nijar, kuma kamfanin da zai ɗauko ya yarda da kayan? Jiragen sama suna da dokar kaya masu haɗari, jabel da magungunan wanki masu kauri da yawa suna cikin rukunin masu cin fata da ƙarfe, gidan waya ba ya karɓar irin su zuwa wata ƙasa, kuma ba a yarda fasinja ya sa jabel cikin akwati ba. Kowane magani na kirki yana da takardar bayanin haɗari da kamfanin ke fitarwa, sashe na 14 na takardar shi ke faɗin ko ana ɗaukar shi a matsayin kaya mai haɗari wurin sufuri, ita masu jigila ke nema. In ta nuna ba matsala to sai lissafi: kuɗɗin jirgi da na duwan da harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari, sau da yawa sai ka tarar ɗaukowar ta fi maganin tsada.

In dai ka nace, to ka sayi mai kauri, kada ka sayi wanda aka riga aka tsarma cikin robar fesawa, don wannan ruwan Turai kawai kake biya ma kuɗɗin jirgi alhali ga pampo a gidanka. Yi lissafin da kanka, kwalbar mililita 200 a awon 2 cikin litir tana ba ka litir 100. Mai keji uku ko huɗu zai daɗe bai ga gindin ta ba. Amma fa ra'ayina, mai tantabaru a Maradi da ke wanke kwano kullum yana sa jabel ko Virkon a kan awo ya fi wanda ya jira wata biyu saƙo na zuwa daga Faransa kejin shi na wari.

Tambaya: Ya iso. Yaya zan yi aiki da shi?

Amsa: Ka fidda tsuntsun tukuna, ka kai shi wani keji nesa da wurin. Kada ka share busasshen kashi yana ƙura, ka yayyafa mishi ruwa ya jiƙa sannan ka kankare, don akwai cutar da ke kama mutum daga ƙurar kashin aku da tsirya da tantabara, tana zuwa da zazzaɓi da tari kamar mura mai nauyi, ka ɗaura ƙyalle a hanci ba zai rage ka da komi ba. Ka wanke da sabulu, ka ɗauraye, sannan magani.

Awo kuma da sirinji ake yi, na mililita 5 ko 10 da ake saidawa a farmasi, ka ware shi don wanga aiki kaɗai. Robar ruwa ta litir ɗaya da rabi ta ishe ka ma'auni: mililita 3 na F10 ke nan, ko giram 15 na Virkon. "Ɗan zuba kaɗan" da "marfi guda" su ke sa ko dai maganin ya yi rauni ko ya ƙone ma tsuntsu ƙafa.

Sai lokaci, wanda shi ne kowa ke ci da sauri. Magani yana son ya zauna jiƙe a kan abu kamar minti 10. To a nan garin in ka fesa ma keji a tsakar gida da rana, ko lokacin iskar hunturu, kafin minti 3 ya bushe ƙayau, aikin bai yi ba. Ka yi a inuwa, ƙananan kaya kuma irin kwano da mazubin ruwa ka nutsa su cikin roba gaba ɗaya. Bayan nan ka ɗauraye duk abin da baki zai taɓa, sannan ka shanya a rana ya bushe sarai, nan kam ranar Maradi tana taimako kyauta.

Tambaya: Tukwanen ƙasa da tantabaru ke ƙwai ciki fa, da sandunan da suke tsayawa?

Amsa: Ƙasa da icce da ƙwarya suna shan ruwa, magani ba ya kai wa can ciki kuma wanda ya shiga ba ya fita da wuri. In lafiya lau ake ka kankare, ka zuba tafasasshen ruwa, ka kife a rana kwana biyu. In tsuntsu ya mutu da ciwo a ciki ni fasa tukunyar nake yi in ƙone sandar, tukunya nawa take. Kwanon ci da sha kuwa ka koma na silba ko roba mai santsi, ka yi biyu-biyu, ɗaya na aiki ɗaya na bushewa.

Tambaya: In sa kaɗan cikin ruwan shan su don rigakafi?

Amsa: A'a ƙanena. Maganin wanke kaya ne, ba na ciki ba, kuma ba ya warkar da tsuntsun da ya riga ya kamu, ba ya maye gurbin allurar rigakafi. Ruwa mai tsabta kowace safiya cikin kwano wankakke ya fi.

Tambaya: Tantabaruna uku sun mutu cikin kwana biyu, kajin maƙwabci ma suna faɗuwa. In feshe gidan?

Amsa: Kafin feshi ka sanar da ma'aikatan kiwo yau ɗin nan. Murar tsuntsaye ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan, an fara tabbatar da ita a Magarya cikin Fabrairun 2006, ta kuma ɓulla a nan Maradi a 2015, kuma da ido ba ka iya raba ta da Niyukasil, sai an ɗauki samfuri an kai ɗakin bincike na LABOCEL. Kada ka taɓa mushen da hannu tsirara, ka sa leda, kada yara su yi wasa da shi, kada a jefa shi bola kare ko mage su ja. Kada ka saida sauran a kasuwa don gudun asara, wannan shi ne ke kai ciwon gidan wani. Ka aje roba da ruwan magani a bakin ɗakin kana tsoma takalmi shiga da fita, kana sauya ruwan in ya yi datti, kuma abokan kiwo masu zuwa kallon tantabaru su dakata a zaure har a ga abin da sakamako ya ce.